Ruwan Gwal na Pak Tumiran

Ni mai kwalliyar amare ce, kuma duk wadda ta san sana'ar nan ta san rabin kyan amarya a hannun mai ruwan gwal yake. Tsinkunan furen da muke jera mata a gashi suna rausaya, da awarwaron damtse, da sarƙar ƙirji mai hawa uku, duk tagulla ce. Gwal ɗin a fata kawai yake. In ya sha gumi da man gashi na shekara guda sai ya koɗe, ya koma kamar tsohuwar tasa. Wanda ke dawo mana da shi a garinmu Temanggung, tun zamanin gwaggota da ta koya mini aikin, shi ne Pak Tumiran, wato Baba Tumiran a harshenmu.

Wurin zamansa ƙarƙashin matattakalar kasuwa ne, inda ake gangarawa layin masu kifi, tsakanin teburin Lik Paino, wato Kawu Paino, mai gyaran agogo, da wani bango da ba ya rabuwa da danshi. Kayan aikinsa duka ba su cika akwatin katako ɗaya ba: kwalabe uku masu faɗin baki, batirin babur, wayoyi biyu, burushin tagulla, da ɗan sillen gwal siriri kamar ganyen albasa. Ƙaramin mutum ne mai baƙar hula, kullum da sigari mai kanumfari a baki. Ruwan magani ya cinye masa kan yatsu har sun daina jin zafi da sanyi. A gefensa matarsa Yu Ginem, wato Yaya Ginem, take zama a 'yar kujera, da kwanon kumfa tsakanin ƙafafunta, tana wanke abin da zai shiga kwalba da wanda ya fito.

Iyayensa 'yan ƙodago ne a gonakin taba na kan dutse. Da ya tasa ya gudu Semarang, ya yi shekaru a wata masana'anta da ke shafa wa kayan keke ruwan ƙarfe mai ƙyalli. Ya dawo da tari, da ilimin da ya ci abinci da shi har tsufansa. Dukiya kam bai tara ba, suna ya tara. In an sayar da taba, matan kan dutse sukan sauko da zobba da 'yan kunnensu na gwal na gaske don a fito musu da launi, su zuba masa a tafin hannu su wuce cefane, ba awo, ba waiwaye. A kasuwar da ko uwarka ce ke sayar da barkono sai ka leƙa sikeli, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ma ya san da haka.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne, ba ka kawo masa aiki ka tafi ba ka sha karatu ba. Ni na sha shi ya fi a ƙirga.

"Dik Tun, matso," ya ce mini wata rana, don haka yake kirana, wato ƙanwa Tun, ya ɗaga kwalbar ruwan shuɗi da ake fara tsoma kaya a ciki. "Me kika gani?"

"Ruwan bula, Pak."

"Ruwan bula! Paino, ka ji 'yar'uwarka? Jan ƙarfe ne a ciki, ya narke ya rarrabu ƙwaya-ƙwaya, ƙanana da ko madubin nan da kake maƙalawa a ido ba zai gan su ba. 'Yan makaranta suna ce musu ayon. Iri biyu ne kuma a cikin ruwan. Akwai waɗanda suka rabu da wani abu nasu suka bayar, su ake yi wa alamar tarawa. Akwai waɗanda suka karɓi na wani suka ɗora a kan nasu, su ake yi wa alamar ɗebewa."

"Ka birkita lissafin, Pak," in ji Paino, bai ko ɗago daga agogon da yake tona wa ciki ba. "Wanda ya bayar ai shi aka ɗebe wa."

"A kasuwarku ba. A cikin kwalba abin da ake miƙawar shi kansa ɗebewa ne. Ka rabu da shi ka ƙaru, ka kwasa ka ragu. Kamar dai surukarka."

Masu kifi suka tuntsire da dariya daga ƙasa. Paino ya ce Allah ya isa, shi da ke ciyar da ita.

"To da an jona wuta," Pak Tumiran ya ci gaba, don ba a katse shi, "kowa sai ya kama hanyarsa. Na tarawa, irin jan ƙarfen nan, su nufi wayar ɗebewa, su karɓi abin da suka rasa, su kwanta a jikin duk abin da na rataya mata. Na ɗebewa su nufi ɗaya wayar. Ba mai ɓata hanya, ba mai tsayawa gaisuwa. Gwal ma a wayar ɗebewa yake kwanciya. Shi ya sa kayan mutane nake ratayawa a wannan mai ƙullin, sillena kuma a ta tarawa. Nawa ya narke ya rame, naku ya yi ƙiba."

"In aka juya su fa?" na tambaya.

"Sai naku ya narke ya dawo jikin nawa. Ka zama ɓarawo ke nan, ko ba ka yi niyya ba."

Yu Ginem ta ce, "Pak, ka bar yarinya ta tafi, amarya na jira." Yarinyar kuwa a lokacin 'ya'yana uku.

Kullum da yamma yakan kwance wayoyin ya tafi da batirin gida ya sha caji. Da safe ya ajiye shi a kusurwar akwati, fuskarsa na kallonsa, ya ɗaura mai ƙulli a kan da ke hannun hagu, ɗayar a na dama. Hannunsa ya saba har ba ya dubawa.

Yanar ido ta fara rufe masa gani a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da abin ya soma ba. Yu Ginem ce ta fara lura, kuma ko a fuska ba ta nuna ba. Aikin nan na ido ne. Dole ka tsare launin ka cire kaya daidai lokacin da ya nuna, in ya wuce ya ƙone. Sai ta mayar da idonta nasa ba tare da ya sani ba. Tana wanki tana satar kallon kwalba, da launi ya kai sai ta ce, "Pak, shayinka zai huce." Shi kuma ya zare kayan, ya ɗaga sama yana jinjina kai, sannan ya kurɓi shayi. In wani wuri bai kama ba, ta ce kumfa ce ba ta fita ba, laifinta ne, a sake tsomawa. Shekaru suka yi a haka. Mu da ke kewaye duk mun gane, muna kuma yaba mata, muna cewa ga mace ta gari da ta san darajar miji.

A tsakiyar wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. 'Yarsu tilo, Lastri, ta zo daga Batam inda take aiki a masana'anta. Ta yi ta roƙonsa ya bi ta, ya ce shi da kwalabensa sai mutuwa. Da ta ga ba zai motsa ba, ta rasa abin da za ta yi masa, sai ta lura tsohon batirin ya daina riƙe wuta. Ta saya masa sabo fil kafin ta hau mota. Ya yi ta nuna wa mutane yana shafa shi, yana cewa 'yarsa ce ta saya.

Bayan sadakar arba'in ya dawo kasuwa. 'Yar kujerar Yu Ginem tana nan a gefensa ba kowa a kai, shi ke wanki shi ke tsomawa. Tun da babu mai ce masa shayi zai huce, sai ya koma auna lokaci da sigari: ya tsoma kaya ya kunna, in ta kai rabi ya cire.

Watan Suro ya kama, wato farkon shekarar Musulunci, watan da ba mai ɗaura aure a cikinsa, lokacin da mu masu kwalliya ke kai kayanmu gyara. Na naɗe tsinkunan furena a farin ƙyalle na kai masa. Gadon gwaggota ne, sun hau kan amaren da yanzu jikokinsu nake yi wa kwalliya. Na zauna a kan matattakala ina kallo. Ya wanke, ya rataya na farko a waya mai ƙulli, ya tsoma a kwalbar gwal, ya kunna sigari. Ina gani ɗan sauran gwal ɗin da ke jikin furen ya fara dusashewa. Na ce ko idona ne. Tagullar ta fito tsirara, sannan ta fara yin duhu. Da ya zaro shi ya zama kamar abin da aka tono a toka.

Ya ɗaga shi wajen haske. Ruwan da ke jiki yana ƙyalli, shi kuma ƙyallin nan kaɗai yake iya gani.

"Kamar rana, ko, Dik?"

Na dubi Paino. Paino ya tura kansa cikin agogo kamar zai shige.

"Ya yi kyau, Pak," na ce.

Na zauna a wurin har ya gama da su duka, ɗaya bayan ɗaya, ina cewa sun yi kyau.

A wajenmu ba a ce wa babba aikinka ya lalace. Ko sa'anka ba ka faɗa masa kai tsaye, balle wanda ya ci shinkafar bikin uwarka. Tun kana goye ake koya maka ka haɗiye, ka yi murmushi, ka ce ba komai, in ya so ka je gida ka yi kukanka. Muna alfahari da wannan karar, har muna yi wa mutanen gabas gorin rashin kunya don su suna faɗin abu yadda yake. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mu a nan ko gyara kayanka ɗin ba ma iya cewa. Har gobe ina jin haushin wannan tarbiyya tamu, kuma har gobe ita nake yi. Washegari na hau mota zuwa Magelang da tsinkunana a ɓoye cikin jaka, aka gyara mini a can.

Da na dawo Paino ya yafito ni, lokacin Pak Tumiran ya tafi alwala. Ya maƙala madubinsa ya duƙa kan batirin, sannan ya miƙo mini.

"Duba nan, Yu. Tsohon, ɗebewa a hagu take. Wannan sabon kawunansa a juye suke. Tarawa ce a hagu."

Alamun ƙanana ne, baƙi a kan baƙi, ko mai ido sai ya duƙa. Shi kuwa yatsunsa ba sa jin irin wannan. Tun ranar da aka kawo batirin, duk abin da ya rataya narkewa yake yana komawa jikin sillensa.

"To ka faɗa masa mana," na ce. "Kai ke zaune da shi."

"Ni? In ce masa me? Pak, ba ka gani, kuma ka daɗe ba ka gani, matarka ce ke rufa maka asiri? Mutumin da ƙasar kabarin matarsa ba ta bushe ba? Ke ki faɗa, ke ce mai baki."

Bakin nawa dai a gida yake aiki, a kan 'ya'ya da dillalan fure. Muka tsaya muna kallon juna kamar an aike mu mun manta saƙon.

Dabara ta farko ta Paino ce. Da Pak Tumiran ya tafi sallar azahar, ya kwance ƙullin daga wayar ya ɗaura wa ɗayar. Muka ce shi ke nan, in ya dawo ya rataya kaya a mai ƙullin komai zai koma daidai, ba wanda ya ji kunya. Ashe mun raina tsoho. Yana dawowa ya kama wayar ya tsaya. Tsohon ƙullin ya shekara talatin a wurin, ya bar lanƙwasa a jikin waya da ba ta miƙewa. Ya bi ta da tafin hannu, ya kwance na Paino, ya mayar inda yake.

"Yaran kasuwa sun fara wasa da kayana, Paino," ya ce, muryarsa a sanyaye. "Da Ginem na nan wa ya isa?"

"Yaran yanzu ai sai addu'a, Pak," in ji Paino.

Daga ranar ya riƙa kulle akwatin in zai tafi masallaci.

Ta biyu tawa ce, irin wadda iyayenmu ke yi in suna so su gyara wa mutum ba su taɓa shi ba. Na kawo masa soyayyen rogo na zauna hira.

"Pak, ka ji abin da ya sami wani mai ruwan gwal a Wonosobo? Wai sabon batiri aka kawo masa, ashe kawunansa a juye suke. Bai duba ba, ya yi ta ɓata kayan mutane."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wannan ba mai sana'a ba ne, Dik, jaki ne. Kaya ya fito baƙi ai ko yaro ya gani. Su kuma masu kayan fa, bakinsu ciwo yake yi?"

Na ajiye rogon da ke hannuna. Na ce masa ni ma haka na gani.

Na sake gwada wata. Na ce tun da babu biki a watan, bari in riƙa zuwa ina taya shi wanki. Ina tunanin in na zauna a wurin zan san yadda zan yi da wayoyin. Ya jawo 'yar kujerar kusa da ƙafarsa.

"Ta Ginem ce, Dik. Kuma ke bazawara, ni gwauro. Kin san bakin masu kifi ya fi wuƙarsu kaifi."

Har Lastri na kira a waya. Ta yi ta kuka daga can.

"Bu Tun, ni zan ce wa Bapak, mahaifina, ya makance? Ni zan ce masa abin da na saya masa ne ya jawo? Don Allah ku da ke kusa ku san yadda za ku yi."

Kowa ya san yadda wani zai yi, ba wanda ya san nasa.

Ana nan sai maganar da nake tsoro ta tashi. Wata mata daga kan dutse ta kawo zoben gadonta na gwal tsantsa. Ta karɓe shi a dushe, ta yi godiya har da rusunawa, ta wuce kantin masu gwal aka ɗora a sikeli. Ya ragu. Kaɗan ne, amma ya ragu. Kafin la'asar zancen ya zaga layin masu kifi ya hau na masu atamfa: kwalbar Pak Tumiran ta fara cin gwal. Wasu suka ce tun da ma haka yake, Ginem ce ke hana shi. Wasu suka ce auren 'yarsa yake tara wa. Na yi faɗa da mata biyu a kan haka, na yi musu bayanin batiri da wayoyi har muryata ta dushe. Ɗayar ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To Yu, gwal ɗin dai yanzu a wajen wa yake?" Gaskiya kuwa ta faɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya sauya masa fuska. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. A wuce a ce, "Pak, ya ƙarfin jiki?" a ajiye masa ayaba, a yi gaba da zobe a ƙulle a bakin zane. Matar kan dutsen ita ma ta kawo masa nono guda na ayaba, don kada ya zaci ta ji haushi. Yakan wuni bai tsoma komai ba sai na baƙon da bai ji labari ba.

"Duniya ta sauya, Dik," yakan ce mini. "Yanzu kowa roba yake sawa."

Ni kuma in ce haka ne, Pak.

Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya na sauko sayen kifi sai na ji ya kira ni, ba da muryar wasa ba. Yana zaune, hularsa a gwiwa, sillen gwal ɗin a tafin hannunsa.

"Dik Tun, lanƙwasa mini wannan."

Na karɓa. Ya yi kauri, ya yi kaushi, ya sandare kamar ƙusa.

"Ya ƙi, Pak."

"Da ko hura shi ka yi sai ya kwanta. Tun watan Mauludi ya kamata a ce ya cinye na nemi wani. Ina ta cewa albarka ce." Ya ɗago fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Wane launi ne?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa baƙi-baƙi ne, da ja a jiki, da kore a baki.

Ya zubar da shayinsa, ya cika kofin da ruwa, ya ce Paino ya karɓo masa gishiri wajen masu kifi. Ya kaɗa, ya tsoma bakin wayoyin biyu nesa da juna, ya duƙa ya kara kunnensa. Ya taɓa gaya mini cewa a ruwan gishiri wayar ɗebewa ce ke tsatso da kumfa tana tsuwa. Ni ina ganin kumfar, shi yana jin ta. Daga wayar da ba ƙulli take fita. Ya daɗe a duƙe, ya fi yadda ake bukata.

"Tun yaushe?"

"Tun Suro, Pak."

"Tsinkunanki?"

"An gyara a Magelang."

"Kowa ya sani?"

Paino ya cire madubinsa yana goge ido da bayan hannu.

"Ba yara ne suka taɓa mini waya ba ke nan," ya ce. Ya karɓi sillen ya auna a tafin hannu. "Gwal ɗin mutane ne a jiki. Na wa da na wa, ban sani ba. Ko na sani, ba ya rabuwa."

Na so ya zage mu. Wallahi da ya ɗauki kwalba ya jefe ni da na ji sauƙi. Amma shi ma ɗan wurin nan ne, tarbiyyarmu ɗaya. Ya mayar da hularsa, ya ce ya gode da muka yi ta haƙuri da shi.

Ya kai wa limamin masallacin kasuwa sillen, ya ce a sayar a yi sadaka da sunan masu shi. Ya roƙe mu, ni da Paino, mu bi layi-layi mu sanar: duk wadda ya ɓata wa kaya ta dawo da shi, zai gyara. Mun bi, har kan dutse na aika. Ba wadda ta zo. Zuwa yana nufin ki tsaya gabansa ki yarda cewa murmushin da kika yi masa na ƙarya ne. Duk wadda na tara sai ta ce, "Ayya, nawa ai ba abin da ya same shi, Yu." Ya share wurin, ya wanke kwalabe, ya zauna yana jiransu kwana da kwanaki, yana ɗago kai duk lokacin da ya ji takun mace a matattakala.

Da na ga haka na ɗauko awarwaron damtse guda, mai kan tsuntsu, wanda da ma ya koɗe, na kai masa. Ya haɗa sabon ruwa. Sabon sillen kuwa 'yan kunnen Yu Ginem ne ya kai aka narke aka buga masa. Ya ɗaura wayoyin yadda ya kamata, ya sa Paino ya duba, ya kuma sake gwadawa da ruwan gishiri. Ya rataya awarwaron ya tsoma.

Na tsare kwalbar da ido. Launin ya fara hawa daga bakin tsuntsun, ya bi fuka-fukan, ya zagaye, mai taushi, ruwan ƙwai sak.

"Ya isa, Pak. Cire."

Ya cire, ya wanke a kumfa, ya goge da burushi. Na shekara talatin ina karɓar aiki a hannun mutumin nan, ban taɓa ganin wanda ya kai wannan ba. Har masu kifi biyu suka hauro suna leƙe.

"Yaya?" ya ce.

"Pak, ya yi. Ya yi ƙwarai."

Ya karkata kai. "Paino?"

"Wallahi ya yi, Pak. Ko na kanti albarka."

Ya kai awarwaron dab da idonsa, ya juya shi, ya sake juyawa. Sannan ya yi mana murmushi mai ladabi, irin na baƙon da aka ba abincin da ba ya ci.

Raina ya ɓaci, na manta a kasuwa nake. "Pak, na rantse da Allah! Na rantse da kabarin mijina! Yau gaskiya nake faɗa maka, ya yi kyau, kada ka ƙara masa komai!"

Masu atamfa suka leƙo daga sama. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar.

"Na yarda, Dik," ya ce a hankali. "Kada ki ɗaga murya, mutane na kallo. Na yarda. Bari dai ya ɗan ƙara kamawa."

Ya mayar da shi cikin kwalba. Na miƙa hannu wajen wayar, ya ɗora tafinsa a bakin kwalbar ya bar shi a nan. Na koma na zauna a kan matattakala, hannuwana a cinya, ina kallon launin yana wucewa daga ruwan ƙwai zuwa ja, daga ja zuwa ruwan ƙasa. Shi kuwa ya laluba aljihu da ɗaya hannun, ya kunna sigari yana jira.